Baƙon da ya sauka tsibiri ba takarda: ta yaya ake gane garin malam-buɗe-littafi?

Tsohon Ɗalibin Saifurus:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau Facebook ya tuno min da wani hoto da na ɗauka a watan Maris na 2019, lokacin ina karatu a tsibirin Saifurus. Ranar na fito zan tafi aji da hantsi, sai na ga sararin gari ya cika da malam-buɗe-littafi, ruwan lemo da ɗigon baƙi da fari a bakin fiffike. Ba yawo suke irin na lambu ba, duk fuska ɗaya suka nufa, arewa, kamar an kora garke. Gilashin motar bas ɗinmu sai da direba ya kunna abin goge ruwa. Kwana uku ko huɗu ana haka, sai suka ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani malaminmu ya ce daga ƙasashen Larabawa suka taso. Ni dai har yau abin yana min yawo a kai. Saifurus tsibiri ne, ruwa ta ko'ina, gaɓar Siriya ma kusan kilomita 100 ce. To a ce ma sun ƙetaro, shi mai cewa daga wuri kaza suke, wa ya gaya masa? Ƙwaro ba fasfo, ba lambar mota.

Bakano Mai Musu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, malamin nan naka cin fuska ya yi muku. Abin da iskar fanka ke kadawa ne zai ƙetare teku? A gonakin tsibirin aka ƙyanƙyashe su, ku ne dai ba ku lura ba.

Malamar Bayoloji:
Yaya Bakano, da ka bari an gama sallama kafin ka zaro musun. Wanda ke cikin hoton nan sunansa a littafi Vanessa cardui, kuma babu malam-buɗe-littafin da ya kai shi yaɗuwa a duniya. Abin da ɗalibinmu ya gani ba a Saifurus kaɗai aka gan shi ba, a watan ne miliyoyinsu suka ratsa Isra'ila da Lebanon, zuwa bazarar Turai suka cika har Ingila da Sikandinebiya. Malaminku bai yi ƙarya ba. Daga baya masu bincike sun tara guda 264 daga ƙasashe 10, suka kwashe ƙurar furen da ta manne a jikinsu, suka karanta ƙwayoyin halittarta, suka samo tsirrai kusan 400. Da suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam sai ga shi hunturun da ya gabata an yi ruwa mai yawa a yankin Larabawa da Gabas ta Tsakiya, hamada ta yi kore shar, tsutsotsi suka samu abin ci har suka yi ambaliya. To daga nan rundunar ta taso.

Bakano Mai Musu:
Ƙurar fure kuma? Malama, ki yi mana Hausa.

Malamar Bayoloji:
Ka taɓa shinshina furen kabewa hancinka ya fito da ɗan rawayan gari? Shi ne. Duk furen da ƙwaron ya sauka ya sha zaƙinsa sai ya goga masa wannan gari a baki da ƙafafu da gashin ƙirji. Kowane tsiro da irin nasa. To idan ka kama ƙwaro a tsibiri ka samu garin tsiron da ba ya fitowa a tsibirin sam, ka san baƙo ne, ka kuma san inda ya yi kalaci na ƙarshe. Kamar mutum ne ya sauka tasha ka ga ledar kilishi da ɗan kwalin dakuwa a hannunsa, ba sai ya buɗe baki ba.

Ɗan Tashar Tema:
Malama sannu da ƙoƙari. Amma ni zan ɗan taya Alhaji Bakano faɗa. Shekarata goma sha a bakin ruwa nan Gana, aikin sauke kaya. Na sha ganin tsuntsu da ƙwari sun biyo jirgi. Akwai ranar da muka buɗe wata kwantena muka tarar da faɗa-wuta sun yi layi a jikin bango, da ransu. Matuƙa kuma suna ba da labarin yadda ƙwari ke sauka kan jirgi a tsakiyar teku su huta saboda fitila. To me zai hana a ce wanda aka gani a tsibiri jirgi ne ya rage masa hanya? Garin furen zai nuna inda ya fito, na yarda, amma ba zai nuna da fiffikensa ya zo ko a kan bene ba.

Malamar Bayoloji:
Wallahi tambayarka ta fi ta Yaya Bakano nauyi. Gaskiya ne, ƙwaro ɗaya tilo da aka tsinta kusa da tashar jiragen ruwa, masana da kansu ba sa rantsuwa a kansa. Shi ya sa ba a tsayawa kan shaida ɗaya. Bari in kawo muku labarin da ya fi burge ni, kuma Baba Na-Daura ya matso kusa don da shi zan yi.

Ƙarshen Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifen mai suna Gerard Talavera, wanda ke aiki a cibiyar nazarin tsirrai ta Basalona, yana tafiya a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka. Sai ya ga Vanessa kamar guda goma a kan yashi, fiffike duk ya yage ya koɗe. Abin mamakin shi ne wannan iri ba ya zama a Kudancin Amurka. Ya samu ya kama uku. Shekara goma shi da abokan aikinsa suna fama da waɗannan ukun, sai a watan Yuni na 2024 suka fitar da sakamako a mujallar Nature Communications.

Da farko suka duba jini, wato ƙwayoyin halittar ƙwarin kansu. Vanessa akwai a Arewacin Amurka, to ko daga can suka gangaro? Gwaji ya ce a'a, danginsu na Afirka da Turai ne. Sai suka koma kan ƙurar fure. A cikin abin da suka samu har da tsirrai biyu, Guiera senegalensis da Ziziphus spina-christi. Baba, na bar maka fassara.

Baba Na-Daura:
Ɗiyata, ni ina na san wannan yaren? Jikana ne ma ke karanta min.

Malamar Bayoloji:
Baba, sabara ce da kurna.

Baba Na-Daura:
La'ilaha illallahu. Sabarar da nake sarewa duk shekara lokacin sharar gona, in na juya baya ta sake tohowa? Wadda ake dafa wa mai jego ganyenta? Ita aka gani a wata duniya a ƙafar malam-buɗe-littafi? To ai magana ta ƙare, daga gonata ya tashi. Gefen gonar nan tawa ta gabas sabara ce jere, ga kurna biyu a bakin rijiya. Kuma ƙarshen damina suke fure, daidai lokacin da aka fara yankan gero, ƙudan zuma har ba sa barin mutum ya zauna a gindin kurnar.

Ɗan Damagaram:
Baba, a yi haƙuri, sabara tamu ce. Ku fito hanyar Zinder zuwa Magarya ku gani, ba abin da ido ke gani sai ita. In dai gadon ƙwaron nan za a raba, Damagaram ke da kaso babba. Kanawa ko ba su cikin lissafi, sun sare tasu sun gina shaguna.

Bakano Mai Musu:
Kai dai bari, da ƙwaron ya biyo ta Kano da tuni an san kuɗinsa.

Malamar Bayoloji:
Baba ya faɗi abu mafi muhimmanci bai sani ba: lokacin furen. Su ma masu binciken a kan haka suka dogara, tsirran biyu suna fure ne a ƙarshen daminar Sahel, kuma a Oktoba aka tsinci ƙwarin. Lokaci ya yi daidai. Amma batun gonar Daura da Damagaram, ku yi haƙuri ku duka. Sabara tana nan tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan. Kurna ma ta fi ta yawo, har ƙasar Larabawa akwai ta, don haka ita kaɗai ba za ta zama shaida mai ƙarfi ba, sabarar ce ta ɗaure maganar a Afirka. Kuma hankali ya fi karkata ga cewa sun yi kalacinsu ne kusa da gaɓar yamma, inda iska ta ɗebe su. Da suka bi bayanan iska na kwanakin suka ja layi baya, sai layin ya dawo gaɓar Afirka ta Yamma. Aƙalla kilomita 4,200 a kan ruwa, kwana biyar zuwa takwas. Sun lissafa cewa da ƙarfin kansa kawai, ba taimakon iska, kitsen jikinsa ba zai kai shi fiye da kilomita 780 ba. Ke nan iska ce ta yi mafi yawan aikin.

Ɗan Tema, a nan ne maganar jirgi take rauni. Ba ɗaya ba ne, kusan goma ne a bakin yashi guda, a gajiye, kuma a daidai kwanakin da iskar ta miƙe daga Afirka zuwa can ba yankewa.

Ɗan Anjamena:
Wannan iskar ai mun san ta. Ita ke ɗaukar ƙurar Bodele, wani tsohon gindin tafki a arewacin Chadi, ta kai ta har dajin Amazon. Hazon da ke toshe mana hanci da hunturu ma yawancinsa daga can yake. In ta iya ɗaukar ƙasa tan-tan ta ƙetare teku, ƙwaron da bai kai giram ɗaya ba ai wasa ne. Kuma manya a nan za su tuna farin 1988. A Oktoban shekarar fara ta tashi daga Afirka ta Yamma ta sauka a tsibiran Karibiyan, mutanen can suka wayi gari da abin da ba su taɓa gani ba.

Ɗan Damagaram:
Farin 88 kam ba mai manta ta a Nijar. Ashe bayan ta cinye mana gero har yawon buɗe ido ta tafi.

Tsohon Ɗalibin Saifurus:
Malama na fahimci biyu: jini ya nuna dangi, ƙurar fure ta nuna inda ya ci abinci. Amma inda ka ci abinci ba nan ne garinku ba. Ni na ci shawarma a Istanbul a hanyata, ba a can aka haife ni ba. Akwai yadda ake gane mahaifa?

Malamar Bayoloji:
Akwai, kuma ita ce ta fi wuyar bayani, sai ku ba ni aron hankalinku.

Kun san akwai garuruwan da in yaro ya tashi yana shan ruwan rijiyarsu haƙoransa ke yin ja-ja. Ko ya koma Legas ya shekara arba'in yana shan ruwan gora, haƙorin nan ba zai canza ba, duk wanda ya san yankin yana gani zai ce kai ɗan wuri kaza ne. To fiffiken malam-buɗe-littafi haka yake. Lokacin da yake tsutsa ne yake cin ganye, ganyen ya sha ruwan saman wurin ya kuma tsotsi ma'adinin ƙasar wurin. Da wannan abincin ake gina fiffike a cikin kwanso. Ranar da ya fito ya buɗe shi, an rufe littafi, ba a ƙara rubutu. Duk zaƙin furen da zai sha daga baya ciki yake tafiya, ba fiffike ba.

Me ake karantawa? Ruwan sama ba iri ɗaya ba ne. Sinadarin haidurojin da ke cikin ruwa akwai mai ɗan nauyi akwai marar nauyi. Gajimare in ya taso daga teku mai nauyin ne ke fara zuba, yadda tsakuwa ke riga ƙaiƙayi faɗuwa in ana sheƙa. Duk yadda ya ƙara nisa cikin ƙasa, ko ya hau tsauni, ko ya doshi wuri mai sanyi, ruwan sai ya ƙara sauƙi. An daɗe ana auna ruwan sama a duniya har an zana taswirarsa. Sai a yanki ɗan guntun fiffike a ƙona a na'ura, a ga wane yanki na taswirar ya dace da shi. Na biyu wani ma'adini ne, sitirontiyam, shi kuma daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yake, tsohon dutse da sabo ba su ba da awo ɗaya. Ruwa ya ba ka layi, dutse ya ba ka wani layin, inda suka haɗu nan ake nema.

Da aka yi wa na Giyana wannan awon, wuraren da suka fi dacewa har da yammacin Turai, irin su Faransa da Ailan da Ingila da Fotugal. In haka ne, an haife su a Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, suka sha sabara da kurna, sannan iska ta yi gaba da su. Tafiyar ta kai kilomita 7,000 ke nan.

Baba Na-Daura:
Ashe ɗan ci-rani ne ma, ba ɗan gida ba. Ya zo ya sha mana fure ya wuce ko sallama babu.

Bakano Mai Musu:
Malama, na ji kin ce "wuraren da suka fi dacewa". Daga Ailan zuwa Fotugal ai ba unguwa ɗaya ba ce. Wannan kamar a tambayi mutum garinsu ne ya ce tsakanin Agadas da Ilori. Kuma duk wannan dogon labari a kan ƙwari uku aka gina shi. Uku fa. Ko a kotun alƙali shaidu uku da ba sa magana ba su isa a yanke hukunci ba.

Malamar Bayoloji:
Yau kam ka yi musu mai amfani. Awon fiffike ba ya ba da sunan gari, yanki yake bayarwa, wani lokaci mai faɗin gaske, kuma wurare biyu masu nisa suna iya ba da awo iri ɗaya. Taswirar Afirka ma ba ta kai ta Turai cika ba, don tashoshin da ke tara ruwan sama a auna ba su da yawa a wajenmu. Shi ya sa ni kaina na fi sakin jiki da maganar ƙetare tekun fiye da maganar mahaifar. Ƙetarewar shaidu uku ne suka haɗu a kanta, dangi da fure da iska. Mahaifar kuwa fiffike ne kaɗai ya faɗa, kuma da "wataƙila" ya faɗa. Amma batun uku sun yi kaɗan, ya danganta da abin da kake son tabbatarwa. In cewa za ka yi kullum suna ƙetarewa, uku ba su isa ba. In cewa za ka yi abin yana yiwuwa, ɗaya ma ya isa.

Maman Hanifa (Ingila):
Salamu alaikum, na makara, dutin dare na yi. Ina zaune a kudu maso yammacin Ingila, kuma nan wannan gardamar tsohuwa ce, sai dai a kan wani irin ake yin ta, monak, babban nan mai ruwan lemo da jijiyoyi baƙaƙe na Amurka. Akwai wasu ƙananan tsibirai, Sili, kamar kilomita 45 daga ƙarshen Konwol. Duk Oktoba masu kallon tsuntsaye ke cika su da manyan kyamarori, wata abokiyar aikina ma hutunta na shekara can take ƙarar da shi. Wasu shekarun sai monak ya bayyana, kamar 1968 da 1981 da 1995 da 1999 da aka gan su da yawa. An fara rubuta ganinsa a Birtaniya tun 1876 a Wels. To rigimar ita ce monak ya daɗe da zama a tsibiran Kanari da Madera da kudancin Sifen, waɗanda suka fi Amurka kusa nesa ba kusa ba. Daga ina na Sili suke? Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abokan tafiya. Ranakun da monak ke sauka, sau da yawa ranakun ne ake ganin ƙananan tsuntsayen Amurka da guguwar Atilantika ta kwaso, kuma lokacin ne monak ke kan hanyarsa ta zuwa Meziko a gaɓar gabashin Amurka. In ka ga baƙo ya sauko mota ɗaya da Sakkwatawa, ka san daga wace tasha motar ta taso.

Abin haushin, mutanen nan suna sayen malam-buɗe-littafi na kiwo su saki a wajen biki, ko ya kuɓuce daga gidan da ake nuna su. Sai a ga monak a tsakiyar gari a watan Yuli, masu rubuta lissafi su rasa ko su sa shi ko su bari.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, na duba hoton monak ɗin nan. Ai muna da shi, kullum yana kan tumfafiya bayan gari.

Malamar Bayoloji:
Ɗan'uwansa ne, ba shi ba. Namu Danaus chrysippus, ya fi ƙanƙanta kuma ba shi da baƙaƙen jijiyoyin nan masu kauri. Amma ka lura daidai, dukansu tsutsarsu dangin tumfafiya take ci, dafin farin ruwan nan ya zauna a jikinsu, shi ya sa tsuntsu ba ya son su. Kuma wannan ne sirrin zama a tsibiri. Isa daban, zama daban. Monak yana isa Ingila amma ba ya kafa gida, ba abincin 'ya'yansa a daji ga sanyi. A tekun Fasifik kuwa, da aka kai tsirran dangin tumfafiya tsibirai, sai ga shi a Hawai wajen shekarun 1840, ya bi tsibiri tsibiri har Ostireliya wajen 1871. Ɗan Tema, a nan masana da yawa suna ganin jiragen ruwa na zamanin sun taimaka, ka ga maganarka tana da gurbi. Ƙwayoyin halitta kuma sun nuna jerin tafiyar, duk tsibirin da ya fi nisa da Amurka sai bambancin jini ya ragu, don 'yan kaɗan ne suka tsallaka suka kafa zuri'a. Kamar zango ne, iyali biyu suka kafa shi, bayan shekara ɗari kowa ɗan'uwan kowa.

Ɗan Tashar Tema:
Alhamdu lillahi, ba a kore ni hannu rabbana ba. Amma Malama me ya hana a yi abu mai sauƙi, a sa musu alama kamar yadda Fulani ke yi wa shanu?

Malamar Bayoloji:
Ana yi. Fred Urquhart da matarsa Norah a Toronto sun shafe shekaru suna raba wa 'yan sa-kai 'yan takardu masu manne wa fiffike, da haka aka kai ga gano dazukan Michoacán a Meziko inda monak ke yin hunturu, a Janairun 1975. A Japan kuma da alƙalami suke rubutu a fiffiken wani iri da suke kira asagimadara, har yaran makaranta suna yi. A 2011 wanda aka rubuta wa lamba a Wakayama an kama shi a Hong Kong, kusan kilomita 2,500. Matsalar ita ce sai ka riga ka san inda za su taso kafin ka je ka sa alamar, kuma 'yan kaɗan ne ake sake gani. Wanda ya faɗo maka tsibiri ba zato, ba wanda ya rubuta masa komai, sai abin da jikinsa ya ɗauko.

Malam Mai Tarihi:
Ina bin ku a hankali, bari in jefa nawa. Akwai wanda aka sa wa alama ba da niyya ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. A watan Maris wani masani a Ingila, Bernard Kettlewell, ya kama wani ɗan faɗa-wuta mai ƙaura a yankin Oxford, ya gwada shi, sai ga ƙwayar ƙura mai tururin nukiliya manne a jikinsa, irin wadda fashewar bam ke haifarwa. Da haka aka samu hujjar cewa ƙwaron daga Arewacin Afirka ya taso ya ƙetaro har tsibirin Birtaniya. Gwaje-gwajen nan ne fa suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Mu muna fushin ƙurar da za ta sauko mana, ashe wani ƙwaro ya ɗauki tasa ya yi arewa da ita.

Alaramma:
Tsarki ya tabbata ga Allah. A Suratu Hud aya ta 6 an gaya mana babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah, kuma Ya san matabbatarta da ma'ajiyarta. Su sun yi shekara goma kafin su san matabbatar guda uku. Ban faɗa don rage musu ba, aikin nasu ma tunani ne a cikin halitta. Malama, tambayata ɗaya: su waɗanda ke zuwa mana daga Turai, suna komawa?

Malamar Bayoloji:
Allah ya gafarta Malam, wanda ya zo ba shi ke komawa ba, jikokinsa ne. Ransu makonni ne kawai. An daɗe a Ingila ana zaton duk mutuwa suke in sanyi ya shigo, don ba wanda ke ganin tafiyarsu. Sai a 2009 na'urar rada ta nuna kimanin miliyan 11 sun shiga da bazara, miliyan 26 sun fita da kaka, a sama can fiye da mita 500 inda ido ba ya kai wa. A kakar 2014 Talavera ɗin nan ya zagaya Chadi da Benin da Senegal da Habasha ya tarar da su suna isowa suna hayayyafa, awon fiffike kuma ya nuna da yawa a Turai aka haife su. Zagayen gaba ɗaya kilomita 12,000 zuwa 14,000 ne, zuri'a bayan zuri'a. Wani binciken na 2021 ma ya nuna yawan koren da aka samu a dajin Afirka ta Yamma da ke kudu da Sahara shi ke nuna ko za su cika Turai a bazara mai zuwa ko ba za su cika ba.

Bakano Mai Musu:
To na sauko, amma rabi. Na yarda da sabara, ban yarda da Ailan ba.

Baba Na-Daura:
Ɗiyata, in Allah ya kai mu kaka zan sa jikana ya tsaya gindin kurnar nan da waya. In ya ga mai irin wannan zanen me zai yi, ya kama?

Malamar Bayoloji:
Baba kada ya kama da hannu, garin fiffiken gogewa yake, ƙurar furen ma ta zube. Hoto ya isa. Ya ɗauka da safe kafin rana ta yi zafi, lokacin suna buɗe fiffike suna shan hantsi, ya rubuta rana da sunan gari da itacen da ya sauka a kai. Ya kuma duba fiffiken da kyau, in sabo ne fil mai haske to nan kusa aka ƙyanƙyashe shi, in ya koɗe gefensa ya yage kamar tsohon kallabi to ya sha hanya. Ku turo nan zaure, ni zan ɗora a iNaturalist, shafin intanet na tara hotunan halittu inda masu binciken ke dubawa, don hotuna daga yankinmu ba su da yawa a can.

Ɗan Damagaram:
Ni ma zan turo nawa. Baba, a yi gasa, wanda ya riga samun mai yagaggen fiffike shi ke da sabara.

Baba Na-Daura:
Yaro, ka fara neman wayar da ke ɗaukar hoto tukuna. Wanda ka turo na rakumin nan jiya har yanzu jikana na cewa tukunya ce.